Kufai Ma Aji Ne

'Yan'uwa malamai, duk wanda ya taɓa riƙe alli a cikinmu ya san wannan hali. Mukan rubuta shekarar wani yaƙi a allo, mu ja mata layi, yara su kwafa, su haddace, su zubo mana ita ranar jarrabawa. Bayan mako biyu idan muka waiwayi zancen, sai mu tarar kamar ba a taɓa yinsa ba. Mun saba ɗora laifin a kan yaran zamani da wayoyin hannunsu. A wannan fitowa muna so mu ce wani kaso na laifin yana ga wurin da muke koyar da tarihi, da kuma harshen da muke koyar da shi. Domin kafa hujja za mu yi nisa da gida, mu tafi tsaunuka da tsibiran arewacin Sikotlan, a ƙasar Birtaniya, inda wata al'umma ta fitar da tarihinta daga aji ta kai shi fili, tana wasan kwaikwayo da shi a kan kufan kakanninta.

Mutanen nan ana kiransu Gael, harshensu kuma Gelik. Domin sauƙin baki, bari mu ce Gelawa da Gelanci. Harshensu ɗan'uwan na mutanen Ailan ne, ba shi da kusanci da Ingilishi, kuma ya daɗe a ƙasar tun kafin a haɗa Sikotlan da Ingila ƙarƙashin majalisa ɗaya a 1707. A ranar 16 ga Afrilu 1746, a filin Culloden kusa da garin Inverness, sojojin gwamnatin Landan suka murƙushe rundunar Yarima Charles Edward Stuart, wadda Gelawa da yawa suke cikinta. Ba a yi awa guda ana yaƙin ba, amma mutum wajen 1,500 suka kwanta dama a ɓangaren Yariman. Bayan nan aka karɓe makamansu, aka ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin dangoginsu, aka kuma haramta wa mazansu tufafin gargajiya har zuwa 1782. Sai wata masifar ta biyo baya, wadda ta fi yaƙin daɗewa. Masu ƙasa suka gane cewa tumaki sun fi talakawa kawo riba, suka shiga tashin ƙauyuka ɗungurungum, daga wajajen 1750 har zuwa 1860. A kwarin Strathnaver, a 1814, an cinna wa gidaje wuta domin kada masu su su dawo. Wakilin masu ƙasar, Patrick Sellar, ya gurfana gaban shari'a a 1816, aka sallame shi. Dubban mutane suka hau jiragen ruwa zuwa Kanada da Ostireliya, tsaunukan suka cika da kufai.

Abin da ya fi shafarmu a labarin shi ne rawar da makaranta ta taka. Tun a 1609 wata yarjejeniya da aka ƙulla a tsibirin Iona ta wajabta wa manyan Gelawa su tura magadansu kudu su koyi Ingilishi. Dokar ilimi ta 1872, wadda ta wajabta karatu a kan kowane yaro a Sikotlan, ko sau ɗaya ba ta ambaci Gelanci ba. Tsofaffi sun bar labarin wani ɗan katako da ake rataya wa yaron da aka kama yana harshen gida. Idan ya ji wani ya yi, sai ya miƙa masa, wanda aka tashi yana wuyansa shi zai sha bulala. A ƙidayar 1891 masu jin Gelanci sun haura 250,000. A ta 2011 sun koma kimanin 57,000. Hannun da ya rataya katakon nan hannun malami ne, kuma da yawa daga malaman 'ya'yan Gelawa ne da suka yi imani cewa alheri suke yi wa yaran. Mu da muka taso a makarantun da monita ke rubuta sunayen masu yin Hausa a aji domin a ci su tara, ba mu da bakin yi wa malaman nan dariya.

To, yaya al'ummar da aka raba da ƙasarta da harshenta take mayar wa 'ya'yanta labarin? Hanyoyin suna da yawa, amma wadda ta ɗauki hankalinmu ita ce wasan kwaikwayo na fili wanda ake sa 'yan kallo a ciki. Tushensa na zamani yana komawa ga 1973, lokacin da marubuci John McGrath da ƙungiyarsa mai suna 7:84 suka zaga ƙauyukan tsaunuka da wani wasa a kan tashin ƙauyuka, da farautar masu kuɗi, da zuwan man fetur. Sun gina wasan a kan salon hirar dare ta Gelawa, wadda ake haɗa labari da waƙa da rawa. Suka shiga zaurukan taron ƙauyuka, 'yan kallo suna amsa waƙoƙin Gelanci tare da 'yan wasa, a ƙarshe a ture kujeru a yi rawa. Jikokin waɗanda aka kora suka ji labarin kakanninsu a bainar jama'a, da yawansu ba su taɓa jinsa a makaranta ba.

Daga zaure sai wasan ya fita waje. A garin Newtonmore akwai gidan tarihi na sarari wanda ya samo asali daga tarin kayan gargajiya da wata mace, Isabel Grant, ta fara nunawa a 1935. A can an sake gina wani ƙauye mai suna Baile Gean bisa tsarin kufan wani ƙauye na gaske na wajajen 1700, da ɗakunan ƙasa masu jinka, da murhu a tsakar ɗaki, hayaƙi yana bin rufi. Ma'aikata sanye da tufafin wancan zamani suna aikin gida, baƙo yana shiga ya tsuguna ya yi tambaya a amsa masa. A wani ɓangaren an kawo ginin wata tsohuwar makaranta da aka shirya shi kamar na shekarun 1930, inda mai ziyara kan zauna a benci a yi masa darasi irin na da. A yankin Argyll akwai Auchindrain, ƙauyen da ya tsira daga kora, mutane suka zauna cikinsa har shekarun 1960, yau kuma gidajensa suna nan a inda aka gina su. A irin waɗannan wurare mata sukan zauna kewaye da katako suna bugun ɗanyen saƙin ulu da hannu domin ya yi kauri, ɗaya tana bayar da waƙa sauran suna amsawa, kamar yadda iyayenmu mata ke yi a bakin turmi, kuma akan matsa wa baƙo ya sa hannu. A 2005 wata ƙungiyar masu fasaha, NVA, ta riƙa hawa da 'yan kallo dutsen Storr na tsibirin Skye da tsakar dare, kowa da fitila a goshi, suna tafiya suna jin waƙar Gelanci da muryar mawaƙi Sorley MacLean tana fitowa daga cikin duhu. Ƙungiyar Fèisean nan Gàidheal kuwa, wadda ta tsiro daga bikin koyar da yara kiɗa da waƙa da aka fara a tsibirin Barra a 1981, tana da 'yan wasan da ke bin makarantu da wasannin Gelanci.

Muna goyon bayan wannan hanya, kuma ga dalilanmu. Na farko, ƙasa shaida ce da ba ta buƙatar a haddace ta. Yaron da aka gaya wa cewa iyali guda da shanunsu suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya zai rubuta ya manta. Wanda ya sunkuya ya shiga ɗakin, hayaƙi ya sa shi hawaye, ya ga inda saniya ke tsayawa taku kaɗan daga gadon yara, ya kuma ji iskar tsauni tana ratsa rigarsa da ya fito, wannan ya san abin da ake nufi da a cinna wa jinka wuta a ƙasar sanyi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan: gani ya kori ji.

Na biyu, wasan da ke sa ɗan kallo a ciki yana tilasta masa yanke shawara, tarihi kuwa tarin shawarwarin mutane ne. Mu ƙaddara aji guda ya iso kufai, aka raba wa yara matsayi: wannan mai gida, waccan gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, wancan limamin coci wanda mai ƙasa ne ya naɗa shi. Sai ɗan wasa ya ɓullo a matsayin wakilin mai ƙasa, ya karanta takardar tashi da Ingilishin da mutanen ƙauyen ba sa ji, ya ba su wa'adi. Me za a yi? A tattara a bi jirgi zuwa Kanada, ko a koma gaɓar teku mai duwatsu, ko a tsaya a yi turjiya? Yaran za su yi gardama ta gaske, domin kowace hanya tana da farashi. Daga nan malami zai iya gaya musu cewa a 1882 mutanen Braes a tsibirin Skye, mata a sahun gaba, sun tari 'yan sanda da duwatsu da sanduna, gwamnati ta kafa hukumar bincike a 1883, a 1886 kuma aka yi dokar da ta hana a tashi ƙananan manoma daga gonakinsu haka kawai. Yaron da ya riga ya ji nauyin zaɓin a ƙirjinsa zai riƙe shekarun nan uku ba tare da an ja musu layi ba.

Na uku, harshe yana rayuwa ne idan an ba shi aiki. An fara koyar da yara dukkan darussa da Gelanci a makarantun gwamnati a 1985, a Gilasgo da Inverness, da yara ƙalilan. A 2005 majalisar Sikotlan ta yi dokar kare harshen, a 2008 aka buɗe masa tashar talabijin. Sai dai da yawa daga yaran makarantun nan ba a yin harshen a gidajensu, saboda haka Gelanci a wurinsu harshen malama ne, ana ajiye shi a bakin ƙofa idan an tashi. A filin wasa kuwa yaro zai ji ana ciniki da shi, ana faɗa, ana kuka, ana zolaya, kuma dole ya buɗe baki ya mayar da martani. Sunayen duwatsu da ƙoramu, waɗanda a taswira tarin baƙaƙe ne masu wuyar faɗa, sai su koma kalmomi masu ma'ana: ga tudun da ake kai shanu da bazara, ga rafin da ake wanki. Makaranta ce ta kori harshen daga bakin yara, saboda haka bashi ne a kanta ta kai su inda za su ji shi yana aiki.

Ba za mu ɓoye haɗarin da ke cikin hanyar ba, domin masu sukarta suna da gaskiyarsu. Wuraren tarihi suna rayuwa ne da kuɗin masu yawon buɗe ido, mai biyan kuɗi kuwa ya fi son labari mai daɗi. Tun da aka fara nuna wani fim mai dogon zango, Outlander, a 2014, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Baile Gean, baƙi suka riƙa tururuwa zuwa Culloden suna ɗaukar hoto a gaban dutsen kabarin dangin Fraser saboda jarumin fim ɗin, wanda bai taɓa rayuwa ba, har ƙasar wurin ta zaizaye. Filin nan maƙabarta ce. Idan wasan kwaikwayo ya mayar da makoki abin nishaɗi, aka yi shi da Ingilishi aka barbaɗa kalmomin Gelanci biyu kamar gishiri, to an sake korar Gelawa daga ƙauyensu, wannan karon da tafi.

Haɗari na biyu shi ne raba duniya gida biyu, mugaye da bayin Allah, domin hakan ya fi sauƙin wasa. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. A Culloden akwai 'yan Sikotlan da yawa a rundunar gwamnati, har da Gelawan dangin Campbell. Da yawa daga waɗanda suka tashi ƙauyuka shugabannin dangi ne da suka kori jininsu. Waɗanda aka kora kuma, da suka isa Kanada da Ostireliya, wasunsu sun zauna a ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalin can. Wasu suka shiga soja suka yi wa daular da ta karya su aiki. Rundunar Black Watch, wadda aka kafa daga mutanen tsaunukan nan, tana cikin waɗanda suka shiga Kumasi a watan Fabrairu na 1874 aka ƙone birnin Asante, kuma a wannan yaƙin akwai sojojin Hausawa da Kyaftin Glover ya tara suna ɓangaren Turawa. Wanda aka zalunta yana iya zama sandar zaluntar wani. Wasan da ya ɓoye wa yaro wannan ya koya masa ƙiyayya, bai koya masa tarihi ba. A nan ne aikin malami yake: ya shirya ajinsa kafin a tafi, ya kuma zauna da su bayan an dawo a tace abin da aka gani, a raba abin da ke rubuce a takardun shaida da abin da ɗan wasa ya ƙara domin armashi.

Haka kuma kada a ɗora wa wasa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Ƙidayar 2022 ta nuna masu jin Gelanci sun ƙaru zuwa kusan 70,000, amma wani bincike da jami'ar yankin tsaunuka da tsibirai ta fitar a 2020 ya kiyasta cewa waɗanda ke yinsa yau da kullum a tsibiran da ya fi ƙarfi ba su wuce 11,000 ba, mafi yawansu kuma sun haura shekara 50. Yinin wasa guda ba ya maye gurbin kakar da ke magana da jikanta. Abin da yake iyawa shi ne ya sa yaro ya koma gida da tambaya, ya nemi tsohon da zai amsa masa.

Mu dawo gida. Hausa ba ta cikin halin Gelanci. Miliyoyin mutane ke yinta, kasuwa da rediyo da fim duk nata ne. Tarihinmu ne ke cikin halin. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, aka yi shekaru wajen goma kafin a fara dawo da shi, saboda haka cikin matasan malamanmu akwai waɗanda su kansu ba a koya musu ba. Ganuwar Kano tana zubewa ana gini a kanta, yaro yana wuce ƙofar gari kullum bai san dalilin sunanta ba. Alhali kuwa abin da Gelawa suka sha wahalar sake ginawa daga kufai, mu namu yana tsaye: Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, hasumiyar Gobarau, rijiyar Kusugu, dutsen Kufena, kufan Surame. Wasan fili ma ba baƙonmu ba ne. Yaran da ke tashe cikin watan azumi, suna bin gida gida da gemun auduga da tulun ciki na tsumma, 'yan kallo suna amsa musu, ba sa buƙatar a koya musu yadda ake sa jama'a cikin wasa.

Abin da muke ba da shawara bai fi ƙarfin makarantar da ba ta da kuɗi ba. Malamin tarihi da na Hausa su haɗa kai, su zaɓi wuri guda da ake iya zuwa da ƙafa. Su nemi izinin iyaye da na masu kula da wurin, su tambayi mai unguwa da dattawan yankin abin da suka gada na labari, su gwada shi da abin da ke cikin littattafai. Sa'annan su gina wasan a kan zaɓi guda mai wuya. Misali, Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, waɗanda suka tsira suka dangana da Sudan. Waziri Buhari ya zaɓi zama tare da waɗanda ba su iya tafiya ba. A tsayar da yara a gindin ganuwa, a ce wannan marini ne, waccan mai koda, wancan almajiri, ga labari ya iso, kowane gida ya yanke: a bi ko a zauna? Muna ganin ya fi kyau yara su fito a matsayin talakawan gari, a bar shugabanni da malaman da ake girmamawa a cikin labarin da ake bayarwa, domin kiyaye martabarsu da kauce wa rigimar da za ta kashe shirin tun yana jariri. A yi wasan da Hausa tsantsa, ko da harshen da yaran yankin suka tashi da shi, a bar Ingilishi a bakin wanda tarihi ya sa shi a bakinsa. Kada a hau ganuwa, kada a ɓalli komai, a kwashe shara kafin a tafi.

Ga iyalanmu da ke karanta wannan takarda tare da mu, ku ma kuna da rabo a aikin. Idan yaro ya dawo yana tambayar daga ina kakanninsa suka zo, ko me ya sa ake kiran unguwarku da sunan da ake kiranta, kada a ce masa ya tafi ya yi aikin gida. Aikin gidan ke nan. Gelawa sun fara tattara labaran tsofaffinsu da gaske ne bayan ƙauyuka sun zama kufai, mu kuwa tsofaffinmu suna zaune a zaure da ransu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka. Muna roƙon kowace makaranta a wannan reshe ta gwada fita ɗaya kafin ƙarshen zangon karatu, ta kuma rubuto mana yadda ta kaya, da abin da ya yi kyau da wanda ya ƙi, domin mu buga sauran su ƙaru. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa abin da muke koyarwa ya amfani yaranmu.